Marmari Ba Ya Tuƙa Tuwo

A ƙarshen wani taron ƙara wa juna sani da aka shirya wa malaman kwaleji a Tawa, mu goma sha ɗaya muka haɗa kuɗi muka nufi wani gidan abinci na cikin gari, irin mai na'urar sanyaya ɗaki da farin ƙyalle bisa tebur, don mu yi bankwana kafin kowa ya kama hanyar garinsa. Aka miƙo mana takardar jerin abinci, shafi biyu cur, babu kalmar Hausa ko ɗaya a cikinta. Wannan ya zaɓi soyayyen nama da dankalin Turawa, wancan ya zaɓi kaza da koren waken gwangwani, ni kuwa na ce a ba ni sifageti, don kada a ce ɗan Bambeye ya shigo birni da ƙauyancinsa.

Ana cikin ci sai malamin lissafi ya jefo tambaya. Ya ce: a duk abincin da mutum ya taɓa saye da kuɗinsa, wane ne zai so a sake ajiye masa a gaba, ko da sau ɗaya, kafin ya koma ga Mahaliccinsa? Da farko gasar tafiye-tafiye aka shiga. Wanda ya taɓa zuwa horo Faransa ya ambaci wani abinci da shi kansa bai iya furta sunansa daidai ba. Wanda ya yi karatu a Yamai ya kawo labarin wani otel na bakin kogi. To amma ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. Kafin a kawo shayi kowa ya sauko daga dokin karan da ya hau. Wani ya ce shi dai kifin Tabalak, wanda ake soyawa a bakin hanya yana fitowa daga ruwa, a barbaɗa masa yaji a naɗe maka a takarda. Wani ya ce langaɓun da wani mutum yake saukewa da asuba kusa da tashar Ƙonni. Wata malama ta ce furar wata Bafillatana ce a kasuwar Lahadi ta Tawa, mai ɗan ɗacin citta da nonon da bai ga ruwa ba. Wanda ya je Faransa ɗin nan, da aka matsa masa, sai ya amsa cewa daren da ya fi daɗe masa a can shi ne daren da ya yi mafarkin kilishin Madawa. Daga nan kowa ya yi ajiyar zuciya, aka ce: "Kayya, an daina irin wannan. Zamani ke nan."

Wannan kalma ta "zamani" ita ce ta hana ni barci a daren, ita ce kuma dalilin wannan rubutu. Mun mai da ita tabarmar kunya. Duk abin da muka kashe da hannunmu, sai mu ce zamani ya ɗauke shi, kamar zamani wani ɓarawo ne da ya hauro katanga muna barci.

Bari in fara da nawa marmarin, don kada a ce na hau tudun laifina ina hango na wasu. Na shiga kwaleji a Tawa a 1993. A lokacin ɗan ƙauye da ya ci jarrabawa sai a damƙa shi hannun wani mai masauki a birni, dangi ko abokin dangi, ya ci abin da ya samu, ya kwana inda aka nuna masa. Akwai wata mata da ke sayar da tuwo a wata rumfar kara kusa da tasha. Ban taɓa sanin sunanta na yanka ba, kuma wannan rashin sani yana cikin abin da nake tuhumar kaina da shi. Inna muke ce mata, mu da direbobi da ƴan kamasho da masu tura baro, ita kuma ta ce mana ƴan lakwal. Tuwon hatsi take yi, hatsin da aka surfa aka wanke aka daka a turmi. Miyarta iri biyu ce, yau kuka, gobe busasshen guro, ranar kasuwa kuma ta haɗa da yoɗo. Babu nama a ciki sai ƙashi da ɗan kitse. Abin da ke riƙe da miyar shi ne daddawar batso, wadda ake yi da gurguzu, wato ƴaƴan sure, a dafa su tsawon yini, a rufe su kwana da kwanaki har su ruɓa yadda ake so, a daka da ruwan toka, a shanya. Sai gabu, sai tonka, sai ɗan manda. In ta kwashe maka malmala da mara, ta zuba miya, sai ta tsoma ƙaramin ludayi cikin kwalbar man shanu ta ɗiga maka a tsakiya, ta tsaya tana kallonka har ka kai loma ta fari. Dala 10 ne kwano. A watan Janairun 1994, da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, komai na kanti ya tashi, amma kwanon Inna bai motsa ba sai bayan watanni, domin babu abin da ya tsallako teku a cikin tukunyarta. Sau nawa na ci bashi a rumfar nan? Ban san adadi ba. Ita ma ba ta rubuta ba. Abin da kawai take cewa shi ne: "Ci, ɗana, in ka zama mushe ka biya."

Na zama mushe, ban biya ba. Shekaru goma sha na yi ina wucewa ta tashar nan da jakata a hannu, ina kau da kai, don malamin Faransanci mai taye a wuya ba ya zama bisa benci tsakanin ƴan kamasho yana suɗe yatsa. Ran da na waiwaya, ta riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙanta. Saboda haka in na zauna yau cikin ɗaki mai sanyi ina kukan tuwon Inna, ihu ne bayan hari, kuma maharin ni ne.

Yanzu bari in zo ga aikina, domin a wurin suna aka fara yi wa abincinmu kisan mummuƙe. Harshe biyu nake koyarwa, ina kuwa ƙaunar dukansu, amma na san abin da ɗaya ya yi wa tukunyar ɗaya. A Faransancin da muke yi a ƙasar nan, fura sunanta boule, wato dunƙule ko ƙwallo. Tuwo sunansa pâte, wato ƙulli, kalmar da ake kiran kwaɓin burodi da ita, har da man goge baki. Kuka da yoɗo da lalo da sure da tafasa duk an tattara su cikin buhu guda an ce sauce feuille, miyar ganye, sai ka ce harawa ake ba akuya. Dubi mai karatu: mace ta surfa hatsi, ta wanke, ta daka da citta da kanumfari da masoro, ta cura, ta dafa, ta mayar turmi ta kirɓa, ta mulmula a gari, sannan ta dama da nono, duk wannan aiki sai baƙo ya dube shi daga waje ya ga siffarsa kawai ya ce ƙwallo. Ban ga laifin baƙo ba, iyakar abin da idonsa ya gani ke nan. Laifin namu ne da muka karɓi sunan daga bakinsa muka riƙa faɗa wa junanmu, har yaro ɗan aji shida ya tsaya gabana yana jin nauyin ya ce da fura ya karya kumallo. Wa zai rubuta "ƙwallo" a takardar jerin abinci ya sa masa kuɗi mai daraja? Abin da aka raina sunansa, an gama raina farashinsa.

A watan Maris na 2025 kundin da hukumomin ƙasar nan suka zartar ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, aka mai da Faransanci harshen aiki. An yi ta muhawara a kai, masu murna na yi, masu ƙorafi na yi. Ni dai na ce zan san maganar ta sauko daga takarda ran da na shiga gidan abinci mai farin ƙyalle a babban birnin Adar na ga an rubuta "tuwon hatsi da miyar guro" da baƙaƙen Hausa masu ƙugiya, a saman shafi, ba a bayan gida ba inda ake ba masu gadi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a waje sunayen nan suna da rai. Mu mutanen Adar mun fi kowa sanin haka, tunda babu gidan da ba shi da ɗan ci-rani. Je ka Abijan ka tambayi abincin da ɗalibi da lebura da ma'aikaci suke layi a kansa: garba, wato aceke da soyayyen kifin teku, wanda ƴan Nijar suka shahara da sayar da shi har sunan Garba ya zama sunan abincin. A Gana ana cin waakye, wanda ba kowa ba ne illa wakenmu da shinkafa, ana cin tuo zaafi, ana shan koko da koose. A Kamaru soya, a Dakar dibin Hausa, a Sudan agashe. Mutanen da ba su jin "ina kwana" sun riƙe kalmominmu a bakinsu, sun rubuta su a allunan shagunansu ba tare da jin kunya ba. A gida ne kaɗai, tsakanin Ƙonni da Abalak, abincin Bahaushe yake bukatar sunan aro kafin a bar shi ya hau tebur.

Za a ce ai koyi muke da waɗanda suka ci gaba. To, bari mu dubi abin da muka ce muna koyi da shi. Ita kanta kalmar restaurant da muke manna wa ƙofofinmu, a birnin Paris na ƙarni na 18 sunan wani romon nama ne da ake dafawa a ba wanda jikinsa ya yi rauni ya sha ya farfaɗo. Ma'anarta "mai maido da ƙarfi". Ashe farfesu ne. Daga sunan romon aka kira gidan da ake sayar da shi. Mai langaɓun tashar Ƙonni ya fi kusa da asalin kalmar fiye da mai koren waken gwangwani.

Ga kuma labarin Eugénie Brazier, wanda nake so kowane ɗan boko na garin nan ya sani. An haife ta a 1895 a ƙauye, ta tashi tana kiwo a gonar mutane, karatunta bai taka kara ya karya ba. Ta yi aikatau a birnin Liyon, a 1921 ta buɗe ɗan gidan abincinta. Abincin gida take dafawa, kaza da romo da kayan lambun yankinsu. A 1933 littafin Michelin, wanda ke auna gidajen abinci, ya ba kowane ɗaya daga gidajenta biyu tauraro uku, iyakar darajar da yake bayarwa. Paul Bocuse, wanda ya zama sarkin masu girkin Faransa, a hannunta ya yi koyo. Yau akwai titi mai sunanta a Liyon. Mutanen garin "Uwa" suke ce wa irin waɗannan mata, kamar dai yadda muke cewa Inna. Bambancin shi ne su sun riƙe sunan tasu, manyansu sun je sun zauna a teburinta, sun biya, sun rubuta. Mu kuwa cokali mai yatsu muka ɗauko daga wurinsu da farin ƙyalle, muka baro girmamawar a can. Kowace shekara malamai irina suna karanta wa ɗalibai shafin nan na Marcel Proust, na littafinsa da ya fito a 1913, inda ɗan guntun kek da aka tsoma a shayi ya dawo masa da ƙuruciyarsa gaba ɗaya. Muna jinjina kai, muna cewa adabi ke nan. Ban taɓa jin ɗayanmu ya ce wa yara ƙanshin gabu a cikin man shanu zai iya yin wannan aikin ba, alhali duk mun san yana yi.

Sai maganar mutunci, wadda ta fi ta suna ciwo. Mu faɗa wa juna gaskiya: wace ce mai tuwon tasha a idon jama'armu? Yawanci bazawara ce, ko wadda miji ya rasu, ko wadda mijinta ya tafi Libiya ko Kwaddibuwa shekara uku babu aike. Ta fito neman halaliyarta, amma zaman da take yi tsakanin maza ya ishi masu baki abin faɗa. Da yawa cikin waɗanda suka zauna a teburin nan namu ba za su yarda ɗansu ya auri ɗiyar mai tuwo-tuwo ba. Muna cin abincinta, muna cin bashinta, muna kuma cin namanta. A gidan mai farin ƙyalle muka biya jika uku-uku kan abin da babu wanda zai tuna da shi bayan sati, ba wanda ya ce uffan, har da ɗan tukuici ga yaron da ya kawo. A rumfar kara kuwa in ta ƙara dala 5 sai mu ta da jijiyar wuya, mu ce ta cika son kuɗi. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Sannan mu yi mamaki don ɗiyarta ba ta gaji muciyar ba.

Ɗiyar Inna tana nan, a wata rumfar kwano ba nisa da inda ta uwarta take. Bayan daren nan na je na same ta. Shinkafa take sayarwa, da maka, da miyar tumatirin gwangwani ja wur, da mayonez ga mai so. Na gaishe ta, na gaya mata ko ni wane ne, ta gane ni, ta yi dariya ta ce ashe ɗan lakwal mai bashi ne. Na ce: "Yaya, me ya sa kika bar tuwon Inna?" Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Mushe," in ji ta, "wa za shi biya? Ku da kunka yi boko ku ne kunka fara gudu, yara sunka bi ku. In na surfa hatsi tun asuba, na nemo daddawa, na sayi man shanu, kwano nawa zan saida shi? Shinkafa in na ɗora yanzu, kafin ka gama gaisuwa ta nuna." Ban sami abin da zan ce mata ba, har yau kuma ban samu ba.

Maganarta ta kai ni ga abin da masu marmari ba su son ji. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Daɗin da muke kuka a kansa, a bayan mace aka gina shi. Surfe da daka da tankaɗe da ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba ashirin da neman itace a dajin da itacen ya ƙare, duk wannan bai taɓa shiga lissafin dala 10 ba. A cikin mu maza tara da ke teburin nan babu wanda ya taɓa riƙe taɓarya na minti biyar. Saboda haka ba zan zagi injin niƙa ba, rahama ce. Ba zan kuma tsaya ina tsine wa dunƙulen Maggi ba, ko da yake na san tun 1908 da aka fara yinsa a Turai aikinsa ɗaya ne, ya sa miyar Tawa da ta Kotonu da ta Bamako su zama ƴan uwa ɗaya uba ɗaya. Macen da ke da dala 5 da baki goma a gida, dunƙulen nan ne ya rufa mata asiri. Wanda nake zagi shi ne mai albashi, wanda ke da halin biyan kuɗin daka da kuɗin daddawa, amma ya fi son ya biya kuɗin na'urar sanyi, sannan ya dawo yana zubar da hawaye kan abin da ya ƙi saye.

Akwai kuma masu cewa: Malam, yunwa ce ta yi maka miya, da ƙuruciya. In an ajiye maka tuwon nan yau ba za ka ji komai ba. Wannan magana tana da ƙamshin hikima, amma ban karɓe ta ba. Yunwar da na kai rumfar Inna ita ce na kai sauran rumfunan tashar, da gidan mai masaukina, da wurin mai burodi da shayi. Duk na manta da su. Me ya sa ita kaɗai ta zauna? Domin ta san lokacin da ake saka kanwa da lokacin da ake ɗaga tukunya, ta san daddawar wane ƙauye ce ba ta ɗaci, ta san hatsin bana da na bara a hannu. Wannan ilimi ne, ko da ba a ba da takardar shaida a kansa. Masu cewa yunwa ce kawai, hanya suke nema ta hana ta ladan gwanintarta ko bayan ranta.

Na san kuma inda wani ɓangare na kunyar ya samo tushe, ba kuwa zan yi wasa da shi ba. Ƙasar da ta ga 1973 da 1984 da 2005 ba ta kallon hatsi da ganye yadda baƙo mai yawon buɗe ido yake kallonsu. A 2005, bayan fari da fara, na ga mata a ƙauyukan yankin nan suna jiƙa anza kwana da kwanaki don a cire ɗacinta a ci. Wanda ya rayu da tafasa dole, ba mamaki in ya sami hali ya ce shi da ganye har abada. Shinkafa ta zama alamar an tsira. Na fahimci wannan ga talaka. Amma shinkafar nan mafi yawanta daga Asiya take zuwa, ta sauka a tashar jirgin ruwa, ta hau mota ta yi tafiyar kwanaki. Da CEDEAO ta rufe mana iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kowa ya ga yadda kuɗin buhu ya yi tsalle, har masu albashi suka koma leƙen rumbun ƴan uwansu na ƙauye. Abin dariya, ko na kuka, shekarar nan ta 2023 ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don girmama hatsi da danginsa. Duniya na yi wa abincinmu biki, mu kuwa sai da aka rufe mana ƙofa muka tuna da shi.

Haka muke, ba mu san darajar namu ba sai wani ya miƙo hannu. A ƙarshen shekarun 2000, da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi mallakar sunan albasar Galmi, nan take aka tashi tsaye, manoma da hukuma, har aka hana. Daga baya ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde ta yi rajistar albasar Galmi da kilishin Nijar da sunan ƙasar nan. Madalla. Sai dai albasa da kilishi kaya ne da ake lodawa a mota a sayar a waje, shi ya sa aka damu da su. Miya ba ta shiga buhu. A hannun mace take, in hannun ya kwanta ta kwanta. Faransa ta kai tsarin cin abincinta gaban UNESCO a 2010, ƙasashen arewacin Afirka sun kai kuskus a 2020, Senegal ta kai shinkafa da kifinta a 2021, Kwaddibuwa ta kai aceke a 2024. Ban ce takardar UNESCO tana tuƙa tuwo ba. Amma kafin su kai can sai da suka zauna suka tambayi matansu, suka rubuta. A Tawa muna da jami'a mai ɗauke da sunan Djibo Hamani, mutumin da ya bi tsofaffin Adar ya rubuta tarihin ƙasar nan a 1975 tun masu labarin suna da rai. Aikin da ya yi wa sarakuna da yaƙe-yaƙe, tukunya ma tana jiran mai yi mata shi, kuma masu labarinta suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Inna ta ƙare.

Na gwada nawa ɗan ƙaramin ƙoƙari a Bambeye. Na ba ƴan ajina aiki: kowa ya je ya zauna da kakarsa ko gwaggonsa, ya rubuto da Hausa yadda ake yin miya ɗaya ko abinci ɗaya, daga fari har ƙarshe, da kalmomin tsohuwar, kada ya gyara mata baki. Da farko dariya suka yi, wani ya ce: "Mushe, wannan ma karatu ne?" Bayan sati biyu aka kawo mini takardu. Wata yarinya ta rubuto shafi huɗu kan daddawar batso kaɗai. Wani yaro, wanda bai taɓa haɗa mini jimla uku da Faransanci ba, ya kawo bayanin yadda ake yin cuku, tun daga tatsar saniya har shanya shi bisa tabarmar kara, a tsare kamar mai ba da darasi. Na sami kalmomi goma sha da ban sani ba, ni malamin Hausa. Da na ce su juya aikin zuwa Faransanci sai aji ya yi tsit. Surfe da sussuka da ɓarza da kirɓi da riɗi da talge da ruɗe, duk suka narke suka koma kalma biyu ko uku. A ranar ne yaran suka gane da kansu wane harshe ne mai arziki in an shiga madafa, ban ce musu komai ba.

Ga masu gidajen abinci na Tawa, roƙona bai fi ƙarfinku ba. Ku ɗauki mace ɗaya da ta iya, ku biya ta albashin da kuke biyan mai soya dankali, ku rubuta abincinta da sunansa na gaskiya, ku sa masa farashin wahalarsa. In ba a saya ba, ku zo ku ƙaryata ni a wannan shafi. Ga abokan aikina kuwa, na riga na gwada ku.

Domin kafin in bar rumfar ɗiyar Inna ran nan, na tambaye ta ko za ta yarda ta tuƙa mana tuwon uwarta sau ɗaya. Ta ce za ta yi, da sharaɗi: in kawo hatsi daga Bambeye, in biya mai daka, in ba ta sati ta aika a nemo daddawa, kwano kuma dala 200, babu ragi, babu bashi. Na sanar da mutum goman nan. Bakwai suka ce in sha Allahu. Ranar Lahadin da aka sa, mutum biyu suka zo, malamar nan mai furar Bafillatana da malamin lissafi. Muka zauna bisa benci tsakanin ƴan kamasho, muka wanke hannu a buta. Tuwon ya yi, miyar guro ta yi, man shanun ya narke a tsakiya yadda na san shi. Ba daidai da na Inna ba ne, akwai wani ɗan abu can ƙasan harshe da bai zo ba, na kuwa gaya mata. Ta ce ta sani. Daddawar da Inna take saye, wata tsohuwa ce take yinta a wani ƙauye yamma da Tawa, ta aika aka ce tsohuwar tana nan da rai, amma idonta ya tafi, ta bar yi tun shekara biyu, kuma cikin jikokinta babu wadda ta koya.